Mutumin da Yake Fara Hawa

Daga Allah muke, kuma ko ba jima ko ba daɗe gare shi za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma a tsakiyar daminar bana, a kan tabarmarsa, kansa a cinyar matarsa. Ciwon ƙirji ne, bai ma daɗe yana jinya ba. Na ɗauki alƙalami ne da ɗan bokon da na yi, saboda na ji abin da masu zaman makoki suka yi ta faɗa a kansa, kuma in na yi shiru, abin da zai zauna ke nan a bakin mutanen Kafanchan.

Ranar sadakar uku ana ta yayyafi. Mu mata muna tsakar gida, maza kuma sun cika zaure har sun tsallako rumfar kwanon da ke ƙofa. Ina zuba kunu a kofuna kusa da katanga sai na ji muryar wani mai shagon siminti da na sani sarai.

"Kun gani ko? Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana jijjiga katako, ga shi ya tafi a kwance. Ajali ba ruwansa da inda kake tsaye."

Aka amsa masa da, "Haka ne, wallahi haka ne." Wani ya ce Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, sai dai naci. Wani ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, ya ce yanzu dai leburori za su huta da tsayuwar safe. Ludayin da ke hannuna na so in jefa ta kan katangar, duk wanda ya samu shi ke nan. Mahaifiyata ta ga fuskata, ta kama mini gefen zane ta ce, "Zauna. Gidan mutuwa ne." Na zauna, amma zuciyata ba ta zauna ba.

Can da hantsi wani tsohon kafinta ya iso daga Fadan Kagoma a bayan a-kori-kura, jikinsa sharkaf. Abokin aikin Kawu ne tun kafin a haife ni, Kirista ne, ciwon gwiwa ya sa shi ajiye guduma. Ya nemi a yi masa iso wurin Inna, matar Kawu. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, ya cire hula, ya durƙusa da ƙyar a kan gwiwar tasa mai ciwo.

"Mama, Ubangiji ya ba ki haƙuri," in ji shi. "Ni yanzu ban san da wa zan yi faɗa ba."

Ya yi kuka sosai, har matan da suka gama nasu suka sake sabo. Da zai fita ya gan ni, ya tsaya.

"Yarinya na, miji naki yana aikin benen nan na hanyan kasuwa?"

Na ce yana can.

"An ɗaura dandamali na waje?"

Na ce an ɗaura. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi ruwan da ke zuba daga indararo, ya ce, "Damina ne fa." Ya sa hularsa ya fita. Tun daga lokacin abinci ya daina yi mini daɗi.

Bari in faɗi dalili. Maigidana birkila ne, a hannun Kawu ya koyi gini, a ƙarƙashinsa kuma yake aiki. Benen da suke yi ya kai filastar waje, can sama kusa da rufi. Ba a isa wurin sai an kafa dandamali: gorori a tsaye, wasu a gicciye an ɗaure da igiya, katako a shimfiɗe a kai, hawa bisa hawa. A kan wannan katakon uban 'ya'yana yake wuni. Shekaru da dama ba wanda ya taɓa sa ƙafa a irin wannan dandamali a aikin Kawu sai bayan Kawu da kansa ya hau ya gwada shi. Yanzu ga dandamali a tsaye yana shan ruwa, za a koma aiki bayan sadakar bakwai, mai gwadawa kuwa yana maƙabarta.

Kawu gajere ne, mai faɗin ƙirji, mai ƙaramar murya. In yana faɗa sai ka matso kafin ka ji zagin da ake yi maka. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "Uwata" yake ce mini, kuma da wannan ya samu damar yi mini tsiya son ransa, ni ma ban raga masa ba. Ba ya zama a kujera sai ya jijjiga ta. Ranar ɗaurin aurena ya iso ya tarar an kafa rumfar baƙi, ya kama turke ɗaya ya girgiza, ya ce a sauke a sake. Baƙi suna tsaye a rana da manyan riguna ana haƙa sababbin ramuka. Mahaifiyata ba ta yi masa magana ba har aka watse, shi kuwa ko a jikinsa, tuwonsa ya ci ya ƙara.

Tafiya da shi azaba ce. Daga gidansa zuwa tashar jirgi sai ya sunkuya ba adadi yana tsintar ƙusa da guntun waya. Inna ta gaji da ɗinke aljihu, ta ce masa ita ba tela ya aura ba. Ya ce gara ta ɗinke aljihu da likita ya ɗinke ƙafar ɗan wani.

Leburori "Baba Tsoro" suke kiransa a bayan idonsa, kuma ya sani. Wani mai ƙarfin hali ya taɓa ce masa, "Baba, ai matsoraci ba ya zama gwani." Kawu ya ce, "Na ji. Gawa fa, ta taɓa zama?" Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne a ce masa kowa da kwanansa. Ba ya musun ajali, mutum ne mai salla a kan lokaci. Cewa yake yi, "Na yarda da ajali. Amma karayar baya ba ajali ba ce. Kwance za ka yi shekara da shekaru kana jiran ajalin, matarka tana kwashe maka kashi."

Ni na ga duk wannan ne don sana'ata. Shinkafa da wake nake sayarwa da kunu, kuma duk inda Kawu ya samu aiki a cikin gari, nan nake kafa tukwanena. Kullum sai mun yi ta shi da ni a kan inda zan zauna. Ni inuwar bango nake so, shi kuwa bai yarda da gindin bangon da ake aiki a samansa ba. "Uwata, matsa," in matsa. "Ƙara." Har sai na kai tsakiyar rana. Na ce masa so yake in ƙone in rasa miji. Ya ce baƙar mace tana da miji, wadda bulo ya faɗa wa a ka ce ba ta da shi.

Masu cewa tsoro ne kawai ya sa Kawu fara hawa ba su san asalin abin ba. Ni na sani, don a gabana aka yi. A shekarar 1987 ne, bayan tashin hankalin da aka yi a garin nan, wanda ba na son tuna shi. Da ƙura ta lafa aka koma neman abinci, don ciki bai san da rikici ba. Mutanen Kawu gauraye suke tun asali: kafintocin da ke yanka gora su ɗaura dandamali yawancinsu Kirista ne, yaran tsohon kafintan nan, birkilolin da ke hawa kuma yawancinsu Musulmi. Da ba wanda ya taɓa lura da wannan. A shekarar kowa ya lura.

Aikinsu na farko wasu shaguna ne da za a ɗaga bangonsu a sake rufi. Da safe an kwaɓa siminti, kafintoci sun gama ɗauri tun jiya, amma birkiloli suka yi cirko-cirko da cokulan gininsu a hannu, ba mai motsi. Sai wani ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Wa ya san abin da aka yi wa igiyar nan?"

Tsohon kafinta ya jefar da gudumarsa a ƙasa.

"To, ku ɗaura da hannu naku! Mu ma ba za mu tsaya a ƙarƙashin bulo naku ba. Wa ya san wanda zai saki?"

Na fara haɗa murafen tukwanena, don na riga na ga yadda abu yake farawa a garin nan. Kawu ya tuɓe takalminsa, ya kama gora ya hau. Ya bi katakon daga wannan ƙarshe zuwa wancan yana buga ƙafa, ya yi tsalle a tsakiyar kowane ɗaya, ya ja kowane ƙulli. Sannan ya zauna a bakin katako, ƙafafunsa suna reto, ya yi magana da ƙaramar muryar nan tasa har sai da kowa ya matso.

"Wanda ya ɗaura wannan, tare muka ci tuwo a kwano ɗaya tun ba ku san hannun damanku ba. Daga yau ba mai hawa sai na hau. In akwai mugunta a igiya, ni za ta fara samu. In babu, ku daina ɓata mini siminti, ya fara bushewa."

Ya nuna wani ƙulli a kusurwa ya ce wa abokin nasa, "Kai kuma, wannan ɗaurin na 'yan koyo ne. Ko tsufa ne ya kama ka?" Ƙullin kuwa da gaske ya yi sako-sako. A wannan safiyar, ƙulli ɗaya mai sako-sako ya isa ya tayar da unguwa. Amma tsohon kafinta ya hau yana surfa wa Kawu zagi da harshensu, ya ɗaure shi tamau, Kawu yana cewa a fassara masa. Wani ya fashe da dariya, saura suka bi. Na mayar da murafena na ci gaba da zuba wake.

Zargin juna ya tafi a hankali, amma hawan safe ya zauna, don Kawu ya gano cewa ba mugunta ce ke kashe magini ba, gaggawa ce da "ai zai ɗauka". Yana da yadda yake yi. Ba ya hawa da komai a hannu. Ba ya sa takalmi, wai tafin ƙafa ya fi ido gani. Hannunsa ɗaya ba ya rabuwa da gora. Yakan ƙwanƙwasa katako ya saurara, don wanda gara ta ci ta ciki amonsa daban ne. Da damina sai ya fara duba ƙafafun gororin, saboda ƙasar Kafanchan in ta sha ruwa ba ta riƙe komai. Leburori suna ƙasa suna hamma suna tsaki, 'yan kwangila suna duba agogo. Ba ya sauri don kowa.

Wata safiya katako ya karye da shi. Ina ganin abin har yanzu. Ƙara ɗaya na ji, sai ga Kawu yana lilo da hannu ɗaya a jikin gora, ƙasa tana can nesa da ƙafafunsa, guntayen katako suna faɗowa kan tarin bulo. Na ƙwalla ihu. Maigidana ne ya ruga da tsani aka sauko da shi, kafaɗarsa ta goce, gumi yana zubo masa. Kafin ya yarda a kai shi wurin mai ɗori sai da ya sa aka kawo masa guntun katakon. Ya murje cikinsa da yatsa, ya zube kamar garin masara. Ya kira leburan da ya fi kowa tsaki da safe ya ce, "Da kai ne, da kwanon sarki cike da siminti a kanka, hannu biyu a sama, da me za ka kama?" Kafaɗar nan ba ta ƙara ɗaguwa sosai ba. Da ta ɗan warware ya koma hawa da ɗaya hannun.

Ba kowane yaƙi ya ci ba. Wani ɗan kwangila ya taɓa kawo hulunan kwano, Kawu ya yi murna kamar an yi masa kyautar saniya. Kafin a je ko'ina leburori sun mai da su kwanon jiƙa gari da ɗiban ruwa, wai suna sa ciwon kai, wai kuma 'yan mata suna yi musu dariya. Ya yi faɗa har ya gaji. Takalmi ma haka, sai su zo da shi a ƙafa su tuɓe su rataya don kada siminti ya cinye shi. In ya yi magana su ce ai shi ma ba takalmi yake hawa. Wannan ya ƙona masa rai, don amsarsa doguwa ce, su kuma ba masu tsayawa sauraro ba ne.

Akwai wani magidanci daga Gwantu, mai 'ya'ya, da ya zo neman aikin lebura bayan gonarsa ta ƙi. Ranar da aka tura shi sama ya kai bulo, ya kuskura ya dubi ƙasa, sai ya rungume gora ya ƙame. Ba gaba ba baya. Ƙasa aka ɗauki ihu da tafi, ana ce masa mace, ana cewa a kawo masa zane. Kawu ya hau a hankali ya zauna kusa da shi, ya kama hirar citta, yadda ake shanya ta a wajensu da yadda 'yan kasuwa ke danne manoma. Sun daɗe a haka. Daga baya suka sauko tare, Kawu yana ƙasa da shi, yana sa masa ƙafa a inda ya dace. Da suka dira ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Wa ya tura mini mai kwaɓi sama? Duk cikinku ba mai hannunsa a siminti. A ƙasa nake son shi." Mutumin ya shekara yana kwaɓa musu siminti, ba wanda ya ƙara tayar da maganar. Na gan shi a wurin jana'iza, can baya, shi kaɗai.

Faɗan da ya fi taɓa ni shi ne nasa da maigidana. Wata rana tayar keken Kawu ta yi faci, ya makara. Ɗan kwangila ya yi ta kumfar baki, maigidana kuma mutum ne mai zuciya, ba ya son a ce aikinsu ya tsaya. Ya hau. Kawu ya iso ya same shi a sama yana jera bulo. Ya ce ya sauko. Ya karɓi cokalin gininsa a gaban kowa ya ce ya tafi gida.

"Baba, ni fa ba yaro ba ne," in ji maigidana. "Allah ke tsarewa."

"Ban ce yaro ne kai ba. Miji ne kai. 'Yar ƙanwata na ba ka, ban kuwa ba ka ita don ta yi takaba ba."

Ina zaune a wurin, na rasa inda zan shiga don kunya. Maigidana ya yi fushi ya koma aiki da wasu mutane a wata unguwa. Na shiga tsaka mai wuya: in na kai tukwanena wurin Kawu, miji ya ɗaure fuska, in na bi miji, ina kallonsa yana hawa abin da ba wanda ya gwada. Na rame a watannin nan, mutane suka yi ta tambaya ko ciki ne. Na roƙi Kawu ya kira shi, ya ce ba shi ya kore shi daga duniya ba, gida kawai ya tura shi na wuni ɗaya.

Abin da ya dawo da shi ba bakina ba ne. A inda ya koma, wani lebura ya faɗo. Aka kwashe shi aka yi asibiti da shi, aka watsa yashi a kan jinin, aka ce ajali ne, kafin la'asar an ci gaba da aiki a kan katakon da ya rage. Maigidana ya dawo gida bai taɓa abinci ba. Bai ba Kawu haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Da safe kawai ya je ya tsaya a gindin dandamali cikin masu jira. Kawu ya leƙo daga sama ya gan shi, ya ce, "Ka yi latti." Iyakar sulhun ke nan.

Dandamalin benen hanyar kasuwa, samari ne suka ɗaura shi, don tsohon kafinta ya riga ya koma gida. Washegarin da aka gama ɗaurin, Kawu ya kwanta jinya. Aka koma aikin ciki ana jiransa. Na je duba shi na tarar da maigidana a durƙushe kusa da tabarmar, Kawu yana numfashi da ƙyar yana ce masa, "Na wajen nan, kada kowa ya hau sai na tashi." Maigidana ya ce to. Ni ma na ce Allah ya ba shi lafiya, na yi masa tsiya cewa raki ne kawai irin na tsofaffi. Ya yi murmushi ya ce, "Uwata, matsa, kin tare mini iska." Maganarsa ta ƙarshe ke nan gare ni.

Safiyar da za a koma aiki, bayan sadakar bakwai, na tare maigidana yana ɗaura agogo.

"Malam, don Allah, don 'ya'yan nan. Kada ka hau sai wani ya gwada."

Ya dube ni ya ce to. Na ji ɗan sanyi. A raina na ce ai akwai mutane da yawa, akwai samarin da suka ɗaura, akwai wakilin ɗan kwangila, dole a samu wani.

Na isa da tukwanena na same su a tsaye. An yi ruwa kafin gari ya waye, ƙasa ta yi laushi, gororin sun yi baƙi da danshi. An kwaɓa siminti. Wakilin ɗan kwangila yana ta faɗa, wai an yi makoki an gama, wanda ya mutu ya mutu. Ba mai motsi. Wannan karon ba wanda yake zargin kowa, kowa dai ɗan'uwansa yake kallo. Na fahimci cewa ba ni kaɗai na tare mijina da safen nan ba. Kowanne an ce masa sai wani ya gwada, kowanne ya ce to.

Sai wani lebura ya yi tsaki ya ce shi ya gaji da tsayuwa, in kwana ya ƙare ko a gado ne sai an tafi, ba ga Baba Tsoro nan ba. Ya sa aka ɗora masa kwanon sarki cike a ka, ya nufi tsani, hannayensa biyu a sama.

"Sauke," in ji maigidana.

Leburan ya tsaya. Maigidana ya sunkuya yana tuɓe takalmi. Ban san lokacin da na miƙe ba. "Malam!" na ce, da ƙarfi, a gaban maza, abin da ban taɓa yi ba. Bai waiwayo ba. Ya zagaya ƙafafun gororin yana dubawa, ya kama ya hau, ba komai a hannunsa. Hawa na farko ya buga ƙafa, ya ja igiyoyi. Na biyu ma haka. Da ya kai na sama, ya taka zuwa kusurwar da ke fuskantar titi, sai na ga abin gaba ɗaya ya sunkuya, a hankali, yana ƙara. Gora ɗaya ta nutse a taɓo. Ya ƙanƙame wadda ke kusa da shi, ya tsaya cik. Ni dai na zauna a kan taɓon da zanena. Can ya ja da baya kaɗan-kaɗan, ya sauko. Ya sa aka kawo dutse da guntun katako aka tokare gindin, aka kwance igiyoyin kusurwar aka sake ɗauri. Sannan ya sake hawa, ya yi tsalle a kan kowane katako kamar yadda ya ga ana yi.

Da ya sauko na biyu ya ce a fara aiki. Maigidana ya biyo ta wurina, bai ko kalli fuskata ba, ya ce, "Gobe ma haka ne. Gara ki sani."

Na yi fushi da Kawu a lokacin, ba zan ɓoye ba. Na yi ta addu'a a samu mai gwada katako don mijina ya tsira, aka kuwa samu, ya zama mijin nawa ne. Amma na san da ba a hau ba, da wata mace ce ke kuka a ranar, ko ma mata da yawa. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwancinsa, ya saka masa da ladan duk wanda ya koma gida da ƙafafunsa a sanadinsa. Masu zaman zaure su faɗi abin da suke so.

Da la'asar na biya gidan. Inna tana ɗakinta cikin takaba, carbi a hannu. Na gaishe ta, ina shirin ba ta labari. Ta dubi taɓon da ya bushe a zanena, ta dubi idanuna.

"Shi ya hau?"

Na gyaɗa kai.

"Ya sauko?"

"Ya sauko, Inna."

Ta matsa gefe, ta buga tabarmar da tafin hannu don in zauna kusa da ita.

"To," ta ce. "Na yau ke nan."